Zuwaira Mai Ɗanɗana Kunun Masu Jego

Maniru, jami'in lafiya na ƙaramar hukuma, kai ka rufe ɗakin haihuwar garinmu, kuma a gaban idona ka yi. Ranar da aka sallami Malama Zuwaira daga aiki ka kafa rumfa, ka ba ta agogon bango da turmin atamfa, aka tafa maka. Tun ba a kwashe kujeru ba ka sa kwaɗo a ƙofa, ka ce nan da mako biyu za a turo wata ungozoma. Yau wata huɗu ke nan. Jikata Fiddausi cikinta wata takwas, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga. To ka saurara ka ji wadda ka sallama, don na lura ba ka san ta ba.

Shekara ashirin da shida ta yi a ƙauyen nan namu na bayan Danchadi. Da gari ya waye ta share ɗakin da kanta, ta tafasa almakashi, ta yi wa masu ciki awo har hantsi. Daga nan sai ta rataya jaka ta bi gidajen masu jego. Ko gaisuwa ba ta gamawa za ta ce, "A miƙo min ludayi." Ta kurɓi kunun mai jego ta juya shi a baki. Ta tsoma gwiwar hannu cikin ruwan wanka. Sannan ta danna babban yatsa a ƙwaurin mai jego, ta tsaya ta ga ko wurin zai koma. Mata suka sa mata Zuwaira Sha-kunu. Mijinta ma yakan ce shi ya huta, gari ke ba matarsa karin kumallo.

Ni kaina na yi mata dariyar, har ranar da ta zo gidana.

Ɗiyata Rahama ce ta haifi Fiddausi. Na yi mata yadda uwata ta yi mini: ruwa mai tafasa safe da marece, a fyaɗa da ganye, a hura garwashi ƙarƙashin gado, kunu kuwa in zuba jar kanwa har ya yi duhu. Kwana goma sha biyu sai ga Zuwaira. Ta kurɓa, ta juya baya ta tofar.

"Inna Hajjo, kunun ga ko doki aka ba sai ya yi tunani."

Na ce, "Ke ɗiyar jiya, haihuwa tara na yi da kunun ga. Ke nawa kika yi?"

Sai ta matsa kusa da gadon. Ta danna ƙwaurin Rahama, yatsanta ya bar rami kamar a cikin ƙullu, ramin ya ƙi cikowa. Ta tambaye ta, "A kwance kike barci ko a zaune?" Rahama ta ce a zaune, in ta kwanta numfashi ke tsayawa. Ni ban sani ba, kuma ɗaki ɗaya muke kwana.

Duk da haka na kore ta. Na ce kumburin jego ne, ƙarin ruwan zafi yake so. Ta fita tsakar gida, ta kifa turmi ta zauna a kai.

"Inna, ki zage ni har la'asar, ina nan. Ko dai mu tafi Sakkwato da ita yau, ko ki nemo ƙarti su ɗauke ni da turmin."

Rana ta raba tana nan zaune. Sai da na ji Rahama ta yi wani tari na leƙa na ga leɓenta ya canja. Muka tare motar albasa mai shiga birni. A asibiti likita ya ce zuciyar ta gaji, ruwa ya taru a jiki, zafi da kanwa sun ƙara mata nauyi. Kwana goma sha takwas Rahama ta yi, ta dawo da ƙafafunta.

Zuwaira, ke ce ba ki taɓa faɗa wa kowa cewa hannuna ne ya dama kunun nan ba. Da surukaina suka tambaya, cewa kika yi, "Inna ce ta ce mu yi sauri." Yau ni na faɗa da bakina, kowa ya ji. Ke ce ba ki ce mana al'adarmu shirme ba ce. Kika ce a yi wankan, amma ruwan da gwiwar hannu za ta jure. A dama kunun, amma da tsamiya, kanwa ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauka. Da hana mu kika yi, da mun jira fitarki mun ninka. Uwar masu jego, Allah Ya saka miki da Aljanna, Ya raya miki zuri'a. 'Yan matan da ke karatun jinya a birni su zo su ga yadda ake shiga gidan tsohuwa mai taurin kai a fito da ɗiyarta da rai.

Har yau Zuwaira ba ta zauna ba. Da ciwon gwiwarta take bin gidaje, ba wanda ya aike ta. Amma abin awon hawan jini na hukuma ne, yana cikin ɗakin da aka kulle, tare da magunguna. Shekaranjiya ta duba Fiddausi, ta ji tana kukan ciwon kai, ta ja ni gefe ta ce, "Inna, yatsana ya ce akwai matsala, amma yatsa ba ya faɗin lamba." Ga damina ta sauka, in rafi ya cika ko babur ba ya ƙetarawa zuwa asibitin Boɗinga. Kuma ba Fiddausi kaɗai ba ce, masu ciki bakwai na ƙirga a unguwarmu.

Don haka, Maniru, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zan shimfiɗa tabarma a ƙofar Maigari, uwayen masu cikin nan bakwai na tare da ni. Ka zo da ƙafarka, kada ka aiko. Ka faɗa mana sunan ungozomar da za ta zo da ranar da za ta zo. In babu ita, ka tsaya gabanmu ka faɗi wanda ya ce matan garin nan su haihu babu mai duba su.