Muryar Malam a Sabuwar Waya

Shekarun baya, bayan rasuwar mahaifina Malam, na kwashe kaset-kaset ɗin karatunsa na mayar da su cikin kwamfuta. Mahaifiyata ba ta yi boko ba, don haka na rubuta mata 'yar manhaja mai manyan maɓallai masu launi: kore tafsiri, ja fiƙihu, kuma tana tuna inda aka tsaya. Kullum bayan la'asar, a gindin bishiyar darbejiyar gidanmu a Maradun, Malam yakan dawo ya ci gaba da karatu daga cikin wayarta, har da kukan zakaran da aka yanka tun ina firamare.

Manhajar ba ni kaɗai na gina ta ba. Kamar kowa, na ari guntaye daga masu rubutu na duniya: wannan mai kunna sauti, wancan mai ajiye bayani. Masu su kan sabunta su, kwamfuta kuma kan sanar da ni. Ni kuwa shekara uku ina danna "sai an jima" da natsuwar mutumin da ya gama aikinsa.

Sai wayar mahaifiyata ta faɗa rijiya. Ƙanwata ta sayo sabuwa a Talata Mafara, sabuwar ta ce ba ta san wannan tsohuwar manhaja ba.

"Ina Malam?" in ji mahaifiyata.

"Inna, gobe in sha Allahu."

"Kai da gobenka. Mun tsaya tsakiyar Suratu Maryam hwa."

Na buɗe kwamfuta. Edita, wato manhajar da nake rubutu a ciki, ya riga ya sabunta kansa ba da sanina ba, manhajar da ke harhaɗa aikin ta zama abin da waya za ta karɓa tana nan yadda take a da, guntayen aro kuma kowa da zamaninsa. Sai na yi abin da mai ilimi ke yi idan ya firgita: na sabunta komai lokaci guda. Jan rubutu ya cika fuskar kwamfutar, ko takardar ɗalibin da ya fi kowa sakaci a ajin da nake koyarwa ban taɓa yi mata haka ba.

Kwana tara ana la'asar shiru. Inna takan zauna a gindin bishiyar da wayar a cinya.

Na hau mota zuwa Bakura wurin abokina, wanda wannan ce sana'arsa. Ya duba, ya yi dariya har da tafi.

"Malam na boko! Shekara ukku ka bar gida ba yaɓe, yau kana son ka ɗora bene?"

Ya sa muka koma tsohon aikin, muka riƙa hawa mataki-mataki: a sabunta guntu ɗaya, a gwada, a rubuta lambarsa, sannan na gaba. Mai kunna sautin ma mai shi ya daina kula da shi, sai da muka nemo wani. Yini biyu muka yi, ina kallon gonakin shinkafa ta taga, ina jin kamar ina ɗauko mahaifina ne daga wani gari mai nisa, zango bayan zango.

Wurin da ta tsaya ya tafi da tsohuwar wayar, amma ita ta riƙe ayar. Da na dawo gida na nemo mata, ta danna kore. Malam ya ja ayar, ya yi tari sau biyu.

"Sannu, Malam," in ji ta.

A da na ɗauka abin da aka sa a na'ura ya tsira ke nan. Ashe kamar hadda yake, in ba a bita sai ya zube a hankali, ba ka ji ba. Yanzu duk Alhamis nakan buɗe aikin in duba abin da ya tsufa, a edita da wurin harhaɗawa duka. Minti ashirin ne, kuma ni a wurina ziyara ce.