Kwalin Maganin da Yaya Ta Kawo Daga Dapaong

Shekarun baya kaɗan, lokacin ina sakatariya a wata makarantar kuɗi a Sokodé, yayata ta diro gidana daga Dapaong wata Asabar ba tare da ta bugo waya ba. Wanda ya san ta ya san ba halinta ba ne. Shinkafa da wake take sayarwa a bakin tasha, ko ranar sallah sai an yi da gaske take sauke tukunya. Da na ga ta sauko daga zemijan, babur ɗin haya, da 'yar jaka ɗaya, babu ko ƙullin daddawa na tsaraba, sai na san ba lafiya ba.

Ta sha ruwa, ta yi azahar, muka taɓa hirar gida sama-sama. Sai da tsakar gida ya yi shiru ta ja ni ɗaki, ta tura ƙofa, ta kwance bakin zaninta ta fito da wani kwalin magani.

"Auta, karanta mini wannan. Ke kaɗai."

A nan ta gaya mini. Ta faɗi a gida ba sau ɗaya ba, likita ya ce farfaɗiya ce. Mijinta kaɗai ya sani. Maganin da aka rubuta mata ya yanke a farmasin da suke zuwa, sai mijin ya samo shi a Cinkassé, can bakin iyaka. Irin na Ghana ne, rubutunsa duk Ingilishi, kuma mai farmasin ya rubuta sunanta da biro a jikin kwalin. Tana son ta san ko shi ne, da abin da 'yar takardar ciki ke cewa. Masu jin Ingilishi ba su ƙare a Dapaong ba, amma duk masu cin abincinta ne. A wajenmu har yanzu akwai masu cewa ana ɗaukar farfaɗiya ta miyau. In maganar ta shiga tasha, tukunyarta ta mutu, 'ya'yanta mata kuma su gaji surutun.

Ni Faransanci na karanta. Ingilishina bai wuce gaisuwa ba. Amma a lokacin ji nake babu wanda ya kai ni sanin waya a zuriyarmu. Na ce, "Yaya, wannan ne ya sa kika baro tukunya? Yanzu zan ɗauki hotonsa, waya ta ciro rubutun ta juya mana shi."

Na ɗaga wayar ke nan ta riƙe mini hannu.

"Tsaya. In kin ɗauka, hoton ina zai je?"

"Ina zai je kuwa? Cikin waya."

"To wa zai karanta? Wayar ce ta iya Ingilishi, ko wani take kai wa?"

Kullum ina amfani da abin nan a ofis, ban taɓa tambayar kaina ba. Ita ma ba sani ta yi ba, tsoro ne kawai ya sa ta tambaya.

Na kira abokin aikina, malamin kwamfuta na makarantarmu. Ban gaya masa komai ba, na ce takarda ce ta wani da ba a so kowa ya gani. Bai yi mini bin diddigi ba, Allah Ya saka masa. Ya ce, "Madam, abin kala biyu ne. Wani a cikin wayarki yake karantawa ya gama. Wani kuma sai ya tura hoton can wajen manyan kwamfutocin kamfani, su karanta su dawo miki da shi. Ki kashe koneksiyon, wato intanet, ki gwada a kan wata takarda. In ya ƙi, kin san fita yake."

Na gwada da kwalin shayi. Ya tsaya yana juyi, ya ce babu intanet.

Na ce masa, "Wato mutane ke zaune can suna kallon hotunanmu?"

Ya yi dariya ya ce yawanci na'ura ce, kuma da wuya wani a can ya damu da takardar mutumin Sokodé. "Amma abin da ya fita ya fita, ba ki da ikon dawo da shi. Ni ma ba su nake ji miki ba. Ba ni na haɗa miki wayarki da kwamfutar ofis ba? Duk hoton da kika ɗauka can yake sauka."

Na manta sam. Kwamfutar nan kowa zama yake a kanta, har da wata malama 'yar Dapaong wadda gidan iyayenta bai da nisa da tashar. Da na ɗauka, da Litinin da safe hoton kwalin zai bayyana a gabanta, da sunan yayata ɓaro-ɓaro.

Ya bi da ni ta waya a hankali. Na kashe abin da ke kwashe hotuna, na sauke Ingilishi da Faransanci a cikin wayar yadda za ta yi aikin ita kaɗai, sannan na kashe koneksiyon. Duk da haka Yaya ta ɗora babban yatsanta a kan sunanta, ba ta ɗaga ba har muka gama.

Fassarar ta fito a gurguje, wani layin sai na maimaita kafin in gane. Amma mun samu abin da muke nema. Sunan maganin ɗaya ne da wanda likita ya rubuta. Takardar ta ce kada a daina sha kwatsam, kuma yana iya sa jiri da barci, a yi hattara da aiki mai haɗari. Na ce, "Yaya, ke da kike wuni a bakin murhu." Ta ce, "Ashe dai sai na bar wa wani wutar." Na roƙe ta ta koma wa likitan da kwalin, don waya ba likita ba ce. Na goge hotunan a gabanta. Sai a lokacin ta ce yunwa take ji, ta kuma kushe miyata kamar yadda ta saba.

Ta koma washegari. Likita ya ce ta ci gaba da maganin. Ƙanwar mijinta ta karɓi girki, ita ta koma zuba wa mutane abinci a zaune, aka ce ciwon baya ne. Tukunya ba ta mutu ba.

Har yau ina amfani da irin wanda ke tura hoto waje, don ya fi iya aiki, kuma sanarwar makaranta ba sirri ba ce. Amma in takardar wani ce, sai na tambayi mai ita tukuna. Na gane cewa sirrin da aka ba ni ajiya ba nawa ba ne da zan yanke masa inda zai kwana, ko da ina ganin babu abin da zai faru.

Bara wata maƙwabciyar Yaya ta zo mata da kuka, farfaɗiya ta kayar da 'yarta budurwa a kasuwa, mutane sun dare sun bar ta a ƙasa. Yaya ta zaunar da ita a bencin masu cin abinci, tasha cike da jama'a, ta ce da muryar da kowa zai ji, "Share hawayenki. Ni ma ina da ita, kuma shekara da shekaru kuna cin abincina. Gobe ni zan raka ku asibiti." Da ta ba ni labari na tambaye ta ko ba ta ji tsoro ba. Ta ce, "Na ji mana. Amma da bakina na faɗa."