Tafin Hannu Ɗaya na Rana

Sai-na-gani ake ce masa a layin, har an manta sunansa na yanka. Ka tambaye shi ko zai yi maka fenti, ya ce sai na gani. Yaushe zai gama? Sai na gani. Shekara talatin ya yi yana shafe dogayen gine-gine, ran nan tsani ya zame da shi, ƙugu ya goce. Tun daga nan ya rantse ƙafarsa ba za ta sake barin ƙasa ba. Ya ɗaure burushi a bakin doguwar gora, yana ɗingishi yana neman abincinsa.

Tsohuwar telar da ke gidan ƙarshe ba ta taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba sai da aka yi mata aikin ido. Marigayi mijinta magini ne, shi ya gina mata ɗakin ɗinki, ya fitar da taga ta yamma can dab da rufi don haske ya sauko kan keke. Shekara da shekaru tana sa masa albarka. Bayan aikin ido kuwa tagar ta zame mata alaƙaƙai. Da rana ta karkata sai haske ya doki ƙarfen keken ya dawo mata cikin ido, hawaye shar, allura ta ɓace. Labule? Wa zai riƙa hawa yana ja safe da yamma?

Ɗanta, Allah ya yi masa albarka, akwai gaggawa. Ya kawo kafinta ya rufe tagar da katako, ɗaki ya koma kamar cikin tukunya, ko da fitila ba ta bambance baƙin zare da shuɗi. Aka ɓamɓare katako. Sai ya yanke magana: ƙarshen wata ta tattara ta koma gidansa, a sayar da keke. Ita kuwa ta san ranar da ta bar ɗakin nan ta zama 'yar zaman jiran a kawo mata abinci, abin da ta fi tsoro ke nan a duniya.

Ta aika aka kira Sai-na-gani. Bawan Allah ya zo ba fenti ba gora, sai guntun alli. Ya kifa bokiti ya zauna, can ya tashi ya zagaye inda rana ta faɗo a ƙasa da alli, ya koma ya zauna. Haka har la'asar. Haushi ya ishe ta, ta tambaye shi ko fenti ta kira shi ko wasan yara. Kun san amsar da ya bayar.

Da zama ya yi tsawo hira ta ɓarke. Ta nuna masa ƙusar da ke jikin ƙofa, inda maigidan yake rataye hula. Ta ce da haske ya hau ƙusar nan yake shigowa daga aiki, ita kuma ta tsayar da keke ta ɗora ruwan shayi, kuma har yau ƙafarta takan tsaya da kanta. Ya tashi ya ja alli a jikin ƙofar.

Washegari ya dama farin fenti tsararo kamar madara, ya miƙa gora daga tsakar ɗaki, ya shafa gilashin tagar sau uku yana jira ya bushe. Hasken ya yi laushi, ya cika ɗaki bai soki ido ba. Ta zura zare a allura karo ɗaya, ta yi ta godiya har ya ji kunya ya fice.

Da yamma ɗan ya zo ya tarar da keke yana gudu. Ya ɗaga kai ya yi tsaki, wai mai fenti ya yi ha'inci, ga kusurwa can ya bari ba a shafa ba, faɗin tafin hannu. Ta duba ƙasa. Ɗan hasken da ke shigowa ta wurin yana bin layin alli ta gefen bango, ya kauce wa keken sarai. Suna kallo ya hau ƙofa a hankali, ya zauna a kan ƙusa.

Ɗan ya ƙura wa ƙusar ido.

"Mama, lokacin dawowar Baba ya yi," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa.

"Ya yi," ta ce. "Ni ban ce wa mai fenti ya bar kusurwar nan ba, wallahi. Ji kawai ya yi."

Bai ƙara tayar da zancen ƙarshen wata ba. Ta ɗauke ƙafa daga keke, ta share ido da gefen mayafi, ta ɗora ruwan shayi. Ta ce ya je ya kira mata mai fenti, kuma ya rage sauri a hanya, mutumin ba ya son a gaggauta shi.