Kawu Ilu da Magen Takarda

Duk wanda ya zauna unguwar Sanyuanli ta Guangzhou a shekarun nan ya san Kawu Ilu ba ya wuce takarda a ƙasa. Ko sauri yake ya riski jam'i, in ya ga tsohuwar jarida sai ya tsaya, ya kai ta kunne ya yagi gefenta. In ƙarar ta yi masa, ya ninke ya sa aljihu. In ba ta yi ba ya ce, "Wannan an shafa mata roba, ba ta shan ruwa." Ni 'yar ƙanwarsa ce, sunan mahaifiyarsa na ci, shi ya sa Uwata yake ce mini. Ni na fi kowa shan kunyar wannan hali, don shi ke raka ni kasuwar Baima in na zo sarin mayafai.

Sarin kayan jaka da takalma ne ya kawo shi Guangzhou, amma asalinsa baduku ne. Tun yana saurayi a Kano ya koyi tayar da fatar dabba ta tsaya kamar mai rai: damo, zabo, barewa. Zai lanƙwasa waya ta zama ƙashi, ya jiƙa takarda da kullun rogo ya yi ta liƙawa har gangar jiki ta fito, in ta bushe ya ɗinka fatar a kai. Ba ya samun komai da wannan aiki a China, bai kuma daina ba.

Wata rana na nemi takardar da aka rubuta mini adireshin wata masana'anta da rubutun 'yan China, wadda nake nuna wa masu tasi. Na birkice ɗaki ban gani ba.

"Kawu, ka ga wata 'yar farar takarda a kan tebur?"

"Mai laushin nan? Tana cikin zabo."

"Wane zabo?"

Ya nuna mini shi a kan taga, ya miƙe wuya yana hararata. "Kwantar da hankalinki, Uwata. Ba ɓata ta yi ba, mun san inda take."

Abokinsa Alhaji Mumuni, mutumin zangon Kumasi mai tura kaya, ya gaji da warin kullu. Ya ɗauke shi har wata masana'anta a Panyu da ke buga gangar dabbobi ta soso, ba jiƙo ba jiran bushewa. Kawu ya bi layin barewa yana latsa su ɗaya bayan ɗaya, duk sun juya kai hagu.

"Mumuni, tambayar mini loban, maigidan wurin nan, duk uwarsu ɗaya ubansu ɗaya? Ba wadda ta taɓa jin ƙishirwa ta sunkuya?"

Mai masana'antar ya yi dariya ya ba shi guda kyauta. Kawu ya karɓa hannu biyu, ya yi godiya da shiye-shiye, wato "na gode" a yarensu. Shekara uku barewar nan tana ɗakinsa, a kanta yake shanya safa.

To, a ƙasan benensa akwai wata tsohuwa mai sayar da shayi da dafaffen ƙwai. Ayi muke ce mata, haka ake kiran dattijuwa a can. Ba ta jin Hausa, Kawu ba ya jin nata sai kalma biyar, amma kullum da safe sai sun gaisa. Tana da wata mage ruwan toka, gurguwa, ƙafarta ta baya a karkace tun da babur ya taka ta. Ita ce abokiyar zamanta tun rasuwar mijinta.

Magen ta mutu ana saura kwana goma ɗan Ayi ya mayar da ita ƙauyensu, don ƙafafunta sun gaza. Sai ga ta ta hawo bene da magen a naɗe cikin tawul, ɗan yana biye yana fassara da Turanci, ransa a ɓace. Wai ta ce ba inda za ta sai da magenta. In ba haka ba a bar ta ta mutu a nan.

Kawu ya buɗe tawul ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Gaya mata ranar tafiya za ta tafi da ita a kwance, yadda take kwanciya a bakin shago."

Na ce, "Kawu, ka duba bango kafin ka yi alkawari."

Lokacin nan ne da garin ke yin gumi. Kun sani ai: bango na tsiyaya, madubi ya rufe, wanki ya kwana uku bai bushe ba. Ya gyara fatar da gishiri da alif, ya gina gangar takarda cikin kwana biyu, da karkatacciyar ƙafarta da komai. Kwana na huɗu in ka taɓa ta yatsa na shiga kamar tuwo. Kyankyasai kuma suka ji rogo suka aiko wa danginsu.

Alhaji Mumuni ya zo da magen soso a leda. "Ilu, don Allah yau ɗaya ka sauko. Ga ta nan, awa biyu ka gama."

Kawu ya juya ta. "Wannan a tsaye take, ƙafa huɗu lafiya lau. Tsohuwar nan magenta take nema. Wannan magen kowa ce."

"In ranar ta zo ba ta bushe ba fa?"

"Za ta bushe."

Ni ma na sa baki da nawa wayon. Yana masallaci na kunna mata na'urar busar da gashi. Kunne ɗaya ya tsage. Da ya dawo bai yi faɗa ba, ya dai yini yana ce mini Hajiya. Na gwammace ya zage ni.

Washegari ya ce ya gano magani. Ya lura rigarsa in ya shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa da danshi, kafin ya sauka ta bushe, saboda iskar ciki mai sanyi ce kuma ba laima. Ya sa gangar a kwandon roba mai huji, ya rufe da mayafina sabo fil, ya nufi tasha. Na bi shi don kada a ce ba shi da kowa.

A bakin shiga, kwandon ya bi ta cikin injin duba kaya. Ma'aikaciyar ta kalli allo, ta kira abokin aikinta. Siffar mage ce sarai, ga waya a ciki. Suka ce a buɗe. Kawu ya ɗaga mayafi a hankali, ya nuna ta, ya ce, "Miyau, meyo." Wato mai kukan miyau ɗin babu ita. Sannan ya kama bayansa ya yi tafiyar tsohuwa, ya share hawaye da yatsa. Suka kalli juna. Ma'aikaciyar da kanta ta gyara masa mayafin.

Kwana huɗu yana wannan hawa. Daga farkon layi zuwa ƙarshe, ya dawo, kwando a cinya, ba ya sauka sai don salla. Mutumin da ko rangwame bai yarda ya bari a kasuwa ba, ya bar sari ya bar waya tana ta ruri. Na ce, "Kawu, mutane na kallonka." Ya ce, "Su kalla, Uwata. Ba a kansu na yi alkawari ba." Rana ta huɗu da la'asar ya ƙwanƙwasa bayanta da farce, ta amsa ƙwas. Ya ce alhamdu lillahi da ƙarfin da rabin taragon suka waiwayo.

Ya ɗinka fatar a ranar da ta rage. Ido kuwa bai sa mata ba, ya rufe su, tunda barci take.

Da safen tafiya mota na ƙofa, an gama loda kaya, Ayi na zaune a kujerarta ta ƙi motsi. Kawu ya sauko ya ɗora mata magen a cinya. Ba ta kalli fuskar ba. Hannunta ya tafi kai tsaye kan ƙafar baya, ta shafa ta ji karkacewar tana nan. Sai ta fara yi mata magana ƙasa-ƙasa, irin ta kullum. Can ta miƙa wa ɗanta hannu ya tashe ta. Na juya in tsokani Kawu, na tarar ya ba mu baya, wai ƙwaro ya faɗa masa ido.

Bara ya koma Kano jinya, bai dawo ba. Har yau in na shiga jirgin nan na ga kujerar kusa da ƙofa inda yake zama da kwandonsa, sai dariya ta zo mini, kafin in sauka ta koma kuka. Allah ya jiƙan Kawu Ilu, ya yafe masa kurakuransa. Yadda ya tsaya kai da fata ya sanyaya zuciyar tsohuwar da ko harshenta ba ya ji, Allah ya sanyaya masa makwancinsa.