A Mayar wa Baba Mai-Soso da Bangonsa

'Ya'yan Baba Mai-Soso sun lalata masa ɗakin sauraron waƙa yana kwance a asibiti ana yi masa aikin ido, wai da sunan gyara. Sun ɓamɓare duk abin da ya kafa a bango, sun naɗe dardumar ƙasa sun zuba tayil, sun cire labulen nan mai nauyi sun rataya wani shara-shara, suka bi ko'ina da farin fenti.

Wanda bai san mutumin ba zai ce to mene ne abin fushi? Baba tun yana saurayi gyaran kujeru da ɗinkin katifa ne sana'arsa, da ita ya ci da gida, da ita ya yi wa yaran nan karatu. Ba ya shan taba, ba ya zaman gulma. Abu ɗaya gare shi: in ya rufe shago ya shiga ɗan ɗakin da ke bayan kicin, ya ɗora faifai, ya lumshe ido.

Da farko ɗakin ya ba shi haushi. Ganga takan cinye muryar mai waƙa, sarewa ta bugi bango ta dawo tana soka kunne. Sai ya lura cewa 'yar rediyon shagonsa, da ke maƙale tsakanin tarin katifu, ta fi manyan lasifikokin gida fitar da magana tar. Daga nan ya fara kwaso guntayen soso da auduga. Ya haɗa firam na katako, ya cusa, ya rufe da ragowar yadin kujerun mutane. Wannan ja, wancan mai furanni, babu biyu da suka yi kama. A lungunan ɗakin ya tsayar da masu kauri kamar matashin kai, domin a cewarsa can ƙugin ganga yake taruwa. Yakan zagaya yana tafi ɗaya-ɗaya, inda tafin ya dawo masa ya san da sauran aiki.

Mai gyaran rediyo na kusa da shagonsa ne ya koya masa dabarar madubi. Baba zai zauna a kujerarsa, Inna matarsa tana jan madubi a jikin bango. Duk inda ya hango lasifika a ciki, nan sauti ke karyowa zuwa kunnensa, nan za a buga ƙusa a rataya soso.

"Matsa gaba kaɗan, Maman yara."

"Hannuna ya ƙage fa, Malam. Da an gaya mini riƙon madubi zan zo yi, ai da ina gidanmu."

"To ki koma mana, amma ki bar mini madubin."

Da aka gama, sai ka rantse mai waƙar tana tsaye gabanka, har jan numfashinta kana ji. Kuma Baba ba marowaci ba ne. Baƙo ko maƙwabci, shi yake ɗorawa a kujerar, ya koma bakin ƙofa ya tsaya yana kallon fuskarsa.

Aikin idon bai yi ba. Ɗaya ya tafi, ɗayan duhu-duhu. A hanyar dawowa yake ce wa Inna, "Alhamdu lillahi, kunne yana nan, ɗakina yana nan." Inna da ke jinyarsa ita ma ba ta san komai ba.

Babban ɗansa ne ya kama hannunsa ya shigar da shi, yana ta washe baki.

"Baba, mun kwashe tsummokaran nan. Ka ga ɗaki kamar na otal!"

Auta, ƙanwarsa, ta mintsine shi jin ya ce wa Baba "ka ga". Baba ya tsaya tsakiyar ɗaki ya yi tafi ɗaya, tafin ya yi ta kai da kawowa kamar a cikin tanki.

"Banɗaki kuka kawo ni?"

Babu wanda ya yi dariya. Ya lalubi bango, sumul, ko ramin ƙusa babu, an cike. Aka ɗora masa faifai, waƙa ba ta kai rabi ba ya ce a kashe. "Allah ya yi muku albarka," abin da ya ce ke nan, domin shi ba mai tozarta ɗa ba ne. Tun ranar yake zama a tsakar gida, hannu bisa gwiwa. Soso zai iya yankawa ko a duhu, amma madubi ya fi ƙarfinsa yanzu.

Ku 'ya'yansa, an san ba da mugunta kuka yi ba, amma ko tambaya ba ku yi ba. Firam-firam ɗin nan suna wajen mai kiwon kajin da kuka bai wa don ya tare iska. Ku je ku karɓo, ku wanke, ku shanya. Ku shimfiɗa darduma a kan tayil ɗinku, ku mayar da labule. Kai babba, kai mai ido biyu, zauna a kujerar ubanka, Auta ta ja madubi, Inna ta nuna muku yadda ake yi. Kada kowa ya ajiye guduma sai Baba ya yi tafi ya ce ya yi.