Tambayoyi Goma Sha Tara Kafin a Sayi Allura

A danginmu kaf babu mai bakin Uwar Zare. 'Yar gwaggonmu ce, kuma teloli ne suka laƙaba mata sunan, don shekara ashirin da biyu ta yi tana sayar musu da zare, allura, zik da maɓallai a wani shago mai faɗin tabarma biyu a ƙarƙashin bene. Wanda ya shiga sayen allura ɗaya sai ya shirya zama. Sai ta ji lafiyar matarsa, da tarin ɗansa, da ko surukarsa ta sauko daga fushi. An ce akwai telan da ya shiga da baƙin gemu ya fito da furfura, kuma washegari ya dawo.

Ana nan mai benen ya sayar da ginin. Kwali arba'in na kayan shagon suka tare a ɗakin baƙi na gidanta, har kan gado. Mijinta, tsohon direban bas, mutum ne da ya fi son shiru a kan abinci. Ya leƙa ɗakin ya kama haɓa.

"Maman yara, ki sayar wa matar nan ta tsallaken titi da kayan nan, ki huta."

"Wa? Wadda ba ta san bambancin ruwan hoda da ruwan ƙwai ba? Gara in dafa su in ci."

"To, zuwa ƙarshen wata. Yayata na tafe, ba zan kwantar da ita a kan zik ba. In kaya ba su motsa ba, da kaina zan kira matar."

Ta yafa mayafi ta nufi wurin Injiniya, dattijon da ke gyaran kwamfuta kusa da tsohon shagonta, ta ce ya buɗe mata shago a intanet. Kwana uku suna ɗora hotuna, tana zagin kyamara wai ta mayar mata da jan zare kamar mara lafiya. Rana ta huɗu ya ce saura wurin biya, haraji, da rajistar masu saye.

Wurin biya bai ba su wahala ba: kati ko tura kuɗi ta waya, shi ke nan. Da aka zo kan haraji, Injiniya ya gyara tabarau.

"Yaya, hanya biyu ce. Ko a sa shi cikin farashi tun farko, ko ya fito a ƙarshe, lokacin biya."

"A ƙarshe? Mutum ya ga farashi, ya yarda, ya ciro katinsa, sai wani abu ya faɗo masa a wuya kamar ƙadangare? A zuba shi ciki. Abin da ido ya gani shi aljihu zai bayar. A rasit ka ware shi, hukuma ta ga nata."

Injiniya ya jinjina kai, ya ce akwai manyan kamfanoni da ba su da wannan hankalin. Nan kanta ya kumbura har sai da aka ƙara buɗe ƙofa.

Wannan kumburin ne ya kai ta ga rajista. Injiniya ya ce suna, lambar waya da adireshi sun isa, kuma a bar wanda ba ya son rajista ya saya a matsayin baƙo.

"Baƙo? A shagona? Rubuta!"

Ta shiga jero tambayoyi. Wa ya turo ka? Wane irin keke kake ɗinki da shi? Me za ka ɗinka? Yara nawa? Ya jikin tsofaffi? Goma sha tara cif, kowace da jan tauraro, wato ba ka wucewa sai ka amsa.

"Yaya, ko asibiti ba sa haka."

"Asibiti ba sa son ka dawo. Ni ina so."

Sati biyu suka wuce, ko allura ba ta fita ba. Direba ya fara wucewa ta ƙofar ɗakin baƙi yana tari mai ma'ana. Ta koma wurin Injiniya da faɗa, wai ya haɗa mata shago a bayan gari. Ya juyo mata da kwamfutar. Mutum sittin da uku sun shigo, sun cika kwando da kaya, sun iso tambayoyinta, sun ajiye kwandon sun gudu.

Ba ta yarda ba. Da ta dawo gida ta miƙa wa mijinta waya.

"Baban yara, sayi allura in gani."

Ya zauna yana dannawa da yatsa ɗaya kamar mai kashe tururuwa.

"Wai wa ya turo ni?"

"Rubuta mana."

"Ke kika turo ni! Yara nawa? Ke fa kika haife su! Wane irin keke? Ni bas na tuƙa, baiwar Allah!"

A tambaya ta goma sha ɗaya ya ajiye wayar a hankali, ya fita ya kama wanke motar maƙwabci.

Uwar Zare ta daɗe tana kallon wayar. Da safe tun Injiniya bai gama ɗaga ƙofa ba tana tsaye.

"Na gano. A shago ina kallon fuskar mutum. In na ga yana sauri sai in sallame shi, in ajiye hirar sai gobe. Wannan abin naka ba shi da ido. Goge su duka. Bar suna, adireshi da lambar waya. Buɗe wa baƙi ƙofa. Mai son rajista ya yi, don gobe kada ya sake rubuta adireshi."

"Hirar fa, Yaya?"

"Me ka ɗauka zan yi da lambar wayar?"

Kafin la'asar aka sayi zik biyu. Kashegari mutum tara. Duk wanda kayansa suka isa hannunsa, sai wayarsa ta yi ƙara, a ji ko zaren ya dace, daga nan a gangara kan iyali. Masu sauri takan ji a muryarsu ta ƙyale su. Sauran kuwa, Allah ya ba su caji.

Ranar da yayar Direba ta iso, gado fes, kwalaye sun ja da baya zuwa kusurwa. Ko zama ba ta gama yi ba aka ɗora mata almakashi da salatif a cinya, ta taya liƙe kayan masu saye. Direba ya shigo daga kai saƙo, hula a karkace, yana share gumi.

"Maman yara, baƙin zare ya kusa ƙarewa. Sai a saro kwali goma."

"A ajiye a ina, Baban yara?"

Ya dubi gadon, ya dubi yayarsa, ya rage murya.

"Ai sati biyu kawai za ta yi."