Maharazu Mai Firij

Maharazu ɗan Malumfashi ne, amma a Barking, can ƙasar Turawa, an fi saninsa da Mai Firij. Shi ya jawo wa kansa. Ranar da ya fara zuwa masallacin unguwar aka tambaye shi sana'arsa, ya ga bayanin zai yi tsawo, sai ya ce wani firij yake kula da shi a jami'a.

Bai yi ƙarya ba. Firij ɗin yana can ƙasan bene, ya fi mutum tsayi, sanyin cikinsa kuma ya zarce na sararin samaniya. A ciki ake gwada wasu ƙananan duwatsu masu sheƙi, kafin a tura su wani rami mai zurfi a ƙarƙashin ƙasa su zauna jira. Abin da suke jira masana na kiransa dark matter. Lissafi ya ce ya fi dukkan taurari nauyi, amma ba wanda ya taɓa ganinsa. Ana dai fatan wata rana ƙwayarsa ɗaya ta bugi dutsen, ya ɗan yi ɗumi, na'ura ta shaida. A kan wannan fatan Maharazu ya yi furfura. Aikinsa shi ne kada komai ya motsa, kuma aikin ya dace da halinsa.

Sunan bai cutar da shi ba. Akan kira shi duba firij, ya je ya gyara zaman waya, abu ya tashi, a bi shi da addu'a.

Sai wata Babbar Sallah ta faɗo tsakiyar zafin Yuni. Hajiya Awabu, dattijuwar da ta kula da matarsa lokacin jego, ta karɓo naman ragonta daga mahauci, ta tarar firizarta ta mutu. Na maƙwabta duk a cike suke da nasu naman. Ta aika a kira shi.

Ya zo da babbar rigarsa, ya durƙusa, ya kasa kunne, ya shinshina. Injin ya ƙone. Ya gaya mata wannan ya fi ƙarfinsa, masu gyara kuma sai an yi booking, a jira ranar da za su zo.

"Ɗana, ba kai ne Mai Firij ba?"

Dole ya yi bayanin da ya daɗe yana gudu, na duwatsun da ramin da abin da ba a gani. Ta saurara da kyau, ƙudaje biyu na kewaya jakar naman. Ta tambaya ko an samu abin. Ya ce tukuna. Ta tambaya ko akwai wanda ya san kamanninsa. Ya ce babu.

"To, Allah ya bayyana," in ji ta, da muryar da ake yi wa wanda akuyarsa ta ɓata jaje. "Cire rigar nan. Ka iya yanka?"

Ya iya. Yana yankawa tana soyawa a babbar tukunya, yadda ake yi a gida tun kafin zuwan lantarki, har naman ya bushe ƙayau. Ƙararrawar hayaƙi ta yi ta ihu, Baturen flat ɗin sama ya sauko da ƙorafi, ya koma da faranti.

Kafin magariba an gama, ko tsoka ɗaya ba ta lalace ba. Ta zuba masa nasa a roba, ta ce in abin nasu ya bayyana ya aiko a gaya mata, don ta san ranar da za ta daina sa shi a addu'a.